Yatsa Ya Riga Ido

Mu gaya wa juna gaskiya, tunda babu baƙo a cikinmu. A duk unguwar nan, daga liman har ladan, daga malamin makaranta har mai shayi, har da lauyan nan na bayan layi da ba ya amsa gaisuwa sai ya gyara zaman tabarau, babu wanda ya taɓa zama ya karanta sharuɗɗan da waya ke shimfiɗa masa kafin ya danna «Na amince». Wanda ya ce ya karanta, ya zo mana da shaidu biyu adalai. Abin da muke yi kowa ya san shi: ka sauke manhaja, rubutu ya cika fuskar waya, ido bai gama ganin layin farko ba yatsa ya riga ya kai ƙasa ya gama aiki. Masu tsoron Allah a cikinmu su ne waɗanda ke jan rubutun da gudu har ƙarshe kafin su danna, wai don kada ranar gobe a ce ba su duba ba. Wasu kamfanonin ma sun gano halinmu, suka hana maɓallin kunnuwa sai mutum ya gangara ƙarshen shafi. To, mun gangara. Sai me?

Abin dariyar shi ne, mu ɗin nan ne fa da ba a cin mu da wasa a ciniki. Ku bi Hajiya Kantin Kwari ku ga yadda ake sayen atamfa: a warware, a ɗaga a rana, a murza gefe a ji ko sitaci ne ya cika ta, a taya, mai kaya ya ce albarka, a yi fushi a tafi, a kai bakin layi a dawo kamar an manta wani abu. Ragon layya sai mun buɗe masa baki mun ƙirga haƙora. Gona kuwa sai an kira mai unguwa da maƙwabta huɗu an taka iyaka da ƙafa, an nuna kukar da ta raba da ta wane. Ɗaurin aure sai waliyyi da wakili sun yi siga a bainar jama'a, an faɗi sadaki an ce lakadan ba ajalan ba, an tambayi taro ko sun shaida, taro ya amsa da ƙarfi har na bayan rumfa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma duk azumi muna jin ta a tafsiri muna gyaɗa kai. Amma a miƙo mana yarjejeniya mai shafi arba'in a kan hotunanmu da lambobin danginmu da inda muke kwana, sai mu sallama ba tayi, ba shaida, ba ma ko «Allah ya sa albarka».

Kada mu ji kunya da yawa, Turawan da suka ƙirƙiro abin ma haka suke. A ranar 1 ga Afrilu 2010, wani kantin sayar da wasannin kwamfuta a Ingila mai suna GameStation ya cusa sharaɗi a shafinsa cewa duk wanda ya yi sayayya a ranar ya mallaka wa kamfanin ransa har abada. Mutum 7,500 suka amince. 'Yan tsirarun da suka lura suka ce ba su yarda ba an ba su tukwicin fam biyar, sauran kuma daga baya kamfanin ya sanar cewa ya mayar musu da rayukansu. A 2014 a Landan, kamfanin tsaron kwamfuta na F-Secure ya kafa intanet na kyauta a titi, sharaɗin shiga shi ne ka ba da ɗanka na fari. Mutum shida suka bayar. A 2017 wani kamfani mai suna Purple a Manchesta ya sa mutum 22,000 suka amince za su yi aikin gayya na awa dubu, har da wanke ban-ɗakunan wuraren biki da yashe magudanar ruwa, kuma cikin mako biyu mutum ɗaya tak ya lura. Da a tashar mota ta nan garin aka kafa wannan intanet na kyauta, da sai an yi layi, wani ma ya tambaya ko ana karɓar ɗa na biyu shi ma.

Muna da uzuri, kuma uzurin ba na banza ba ne. A 2008 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka lissafa cewa idan mutum zai karanta bayanin sirri na kowane shafin da yake shiga, zai ci masa sama da awa 200 a shekara. A 2016 hukumar kare masu sayayya ta Norwe ta ɗauki sharuɗɗan manhajoji 33 irin waɗanda ake samu a wayar kowa, ta sa aka karanta su da baki a jere ana haskawa kai tsaye, aka shafe fiye da awa 31. Ka ɗora a kan wannan cewa da Turancin lauyoyi aka rubuta, wanda ko mai digiri sai ya karanta jimla sau uku, ga data tana zuba, ga caji saura kashi tara, ga wuta ba a san ranar dawowarta ba. Wa zai tsaya?

Sai dai uzuri daban, hukunci daban. Tambayar da ke tashi duk ranar da abu ya ɓaci ita ce: wai wannan dannawar da na yi ina kishingiɗe ina cin gyaɗa, ta ɗaure ni a gaban alƙali? Mafi yawan lokuta, ƙwarai kuwa. Magana zarar bunu ce, ashe danna ma haka. Dokar yarjejeniya da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila tana da tsohuwar ƙa'ida, kuma wata mai gidan shayi a Wales ce ta ji a jikinta a 1934. Ta sayi injin sayar da sigari, ta sa hannu a takarda ba ta karanta ƙananan rubutun ba, injin ya ƙi aiki, ta kai ƙara. Kotu ta ce wanda ya sa hannu ya ɗauru, ya karanta ko bai karanta ba, matuƙar ba yaudararsa aka yi ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 kuma ta karɓi bayanan kwamfuta da sa hannu ta na'ura a matsayin hujja. Don haka «wallahi ban karanta ba» magana ce mai daɗin faɗa a majalisa, a kotu kuwa ihu ne bayan hari.

To amma kada kamfanoni su yi saurin murna, don su ma alƙalai sun sha kama su da hannu dumu-dumu. Akwai bambanci tsakanin a tare ka a ƙofa a ce ga sharuɗɗa, danna nan idan ka yarda, da kuma a ɓoye su can ƙasan shafi cikin rubutu mai launin toka a ce wai shigowarka kaɗai ta zama yarda. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta duba ƙarar da aka kai kamfanin Netscape. Mutane sun sauke wata manhajarsa kyauta, maɓallin saukewa yana sama, sharuɗɗan kuma sai ka gangara ƙasa za ka ga alamarsu. Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta hau Kotun Ƙoli ta Amurka, ita ta rubuta hukuncin: ba a nuna wa mutanen sharuɗɗan a fili ba, ba su kuma bayyana yarda ba, saboda haka babu yarjejeniya. A 2014 aka maimaita wa kantin littattafai na Barnes & Noble irin wannan karatun. Wani ya sayi kwamfutocin hannu biyu da aka karyar da farashinsu, washegari kantin ya soke cinikin, da ya kai ƙara suka ce ai sharuɗɗanmu sun hana zuwa kotu, ga su can a ƙasan kowane shafi. Kotu ta ce ajiye su a can bai wadatar ba. Shekara uku bayan haka kuwa kamfanin tasi na Uber ya yi nasara a kan wani fasinja, saboda shi ya rubuta gargaɗinsa daf da maɓallin rajista, a fili, inda ido ba zai kauce masa ba. Ka ga ke nan alƙali ba ya tambayar ko ka karanta. Abin da yake tambaya shi ne ko an sa maka abin a gabanka, a lokacin da ya dace, ka kuma yi wani motsi da ke nuna ka yarda.

Maganar lokaci ma tsohuwa ce. An taɓa sace wa wata mata kayan sawa masu tsada a wani otal a Landan, otal ya ce ai mun manna sanarwa a ɗaki cewa ba ruwanmu da abin da ya ɓata. Kotu ta ce an gama ciniki tun a teburin karɓar baƙi, sanarwar da mutum bai gani ba sai da ya shiga ɗaki ta makara. Ku tuna da wannan duk ranar da kuka biya kuɗi aka miƙo muku rasit, kuka juya bayansa kuka ga an rubuta ba a mayar da kaya. Shahararren alƙalin nan Lord Denning ma ya taɓa cewa a 1956 akwai sharuɗɗan da saboda nauyinsu sai an buga su da jan tawada, an zana jan hannu yana nuna su, kafin a ce an sanar da mutum. Mu da muka san hannunka mai sanda, wannan ba baƙon karatu ba ne.

Yanzu ga inda tamu ta fi ta kowa armashi. Duk shari'o'in nan suna ɗauka cewa mai wayar shi ne ya danna. A wurinmu fa? Baba ya sayi sabuwar waya a Farm Centre, bai bar shagon ba sai da yaron shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa lambar sirri, ya sauke masa WhatsApp da Facebook da TikTok, ya danna «Na amince» sau goma sha a madadinsa cikin minti biyar, ya karɓi na goro. Lambar sirrin ma yaron ne kaɗai ya san ta, shi ma zuwa la'asar ya manta. Inna kuwa jikanta ɗan aji uku ne wakilinta a duk wata yarjejeniya da ta ƙulla da kamfanonin Kalifoniya. Ranar haihuwa kuma, Allah ya jiƙan gaskiya, rabin unguwar nan 1 ga Janairu aka haife mu, kuma yaran da Facebook ya ce sai sun kai shekara 13 duk sun zama 'yan 1990, wasu sun girmi iyayensu mata. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk mai rubuta wa irin wannan mutum takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya sun san ta. Yaron shago bai taɓa jin labarinta ba, wayar kuma ba ta da gurbin da zai sa sunansa. Lauyan kamfani dai zai ce kai ka wakilta yaron, kuma shekara biyu kana amfani da manhajar ba ka ce uffan ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran.

Sannan ga mu da son rama wa kura aniyarta ta hanyar da ba ta da amfani. Duk bayan 'yan watanni sai wata sanarwa ta zagayo: «Ni wane ɗan wane, daga yau ban ba Facebook izinin amfani da hotunana ba», a ƙara da lambar wata doka da babu wanda ya san garinsu, a ce ka kwafa ka manna kafin ƙarfe sha biyun dare. Tun 2012 wannan takarda take yawo a duniya, kuma manyanmu masu rawani da masu digiri uku duk sun manna. Ba ta soke ko wasali ɗaya daga abin da aka riga aka amince da shi, don yarjejeniyar mutum biyu ba ta warwaruwa da sanarwar da ɗaya ya liƙa a bangon ɗayan. Abin da ya fi ba ni dariya, wannan ce kaɗai takardar doka da muke karantawa daga farko har ƙarshe, har mu tura wa dangi.

Haka muka yi a Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya ce ko ka amince da sababbin sharuɗɗan musayar bayanai da Facebook kafin 8 ga Fabrairu, ko ka tattara. Unguwa ta ɗauki zafi. Aka yi ta shelar ƙaura zuwa Signal da Telegram, kuma a ina aka yi shelar? A WhatsApp. Muka sauke sababbin manhajojin, muka danna musu «Na amince» su ma ba mu karanta ba, muka leƙa muka ga ba kowa sai mutum uku da ba ma shiri da su, muka dawo gida sumui-sumui. Kamfanin ya ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu, kafin nan yawancinmu mun danna don sanarwar ta daina tare mana fuska.

Sai ga shi hukuma ta ɗauki maganar da muhimmanci fiye da mu masu abin. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta shafe wata 38 tana bincike tare da hukumar kare bayanai, a Yulin 2024 ta ci tarar Meta, uwar Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Cikin laifukan da ta lissafa har da tilasta wa 'yan Nijeriya sharuɗɗan da ba su da damar ƙi, da ba su zaɓin da bai kai wanda ake ba mutanen wasu ƙasashe ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a Afrilun 2025 kotun sauraron ƙorafin gasa da masu sayayya ta tabbatar da tarar. Wato ko ka danna, ba kowane abu ne dannawar ke halattawa ba. Dokar kare masu sayayya ta 2018 ta hana sharuɗɗan zalunci, ta kuma ce a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce yarda sai ta zama da son rai kuma a kan abu takamaimai, shiru ba ya zama yarda, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ka yarda, kuma kana da ikon janyewa. Mu da muka saba cewa shiru ma amsa ce, a nan doka ta ce a'a.

Wani lokacin ma kunya ce ke yin aikin da doka ba ta kai ga yi ba. A 2023 wata likita ta rasu bayan ta ci abincin da jikinta ba ya ɗauka a wani gidan abinci da ke cikin filin shaƙatawa na Disney a Florida. Mijinta ya kai ƙara, har da Disney a ciki. Lauyoyin kamfanin suka ce ba shi da ikon zuwa kotu sai dai zaman sasanci a bayan fage, saboda a 2019 ya yi rajistar gwajin wata ɗaya kyauta na tashar fina-finansu ta Disney+, kuma sharaɗin yana ciki. Duniya ta yi musu ca, a Agustan 2024 suka janye wannan hujja da kansu. Ba a kai ga jin ko alƙali zai karɓa ba, amma an ga iya nisan da lauya zai iya jan dannawa ɗaya. Araha dai ba ta ado, kyauta kuwa sai a duba ƙarƙashinta.

Inda wasan ya daina zama wasa shi ne manhajojin bashi. Wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, ga talla tana cewa naira dubu ashirin cikin minti biyar ba jingina ba mai tsaya maka. Manhaja ta ce tana son ganin lambobin wayarka, ka ce bismilla. Hotuna, bismilla. Saƙonni, bismilla. Inda kake, ai ba ɓoyayye ba ne. Kwana bakwai suka cika ba ka biya ba, sai surukarka da limamin masallacinku da shugabanka na wurin aiki da tsohuwar budurwar da ka manta lambarta tana ciki duk suka sami saƙo cewa kai ɓarawo ne ana nemanka, wasu har da hotonka da sanarwar rasuwa. Da yawa a cikinmu ta haka muka san wane ya ci bashi, muka yi salati a fili, muka koma gefe muka duba ko tamu ta kusa cika. Laifi tudu ne. Masu manhajar kuma hujjarsu ɗaya: shi ya amince. Hukumomi ba su karɓi wannan ba. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan tonon silili, a Maris 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashin a Legas, daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Bashin dai yana nan a wuyanka, sai ka biya, don wannan ka yarda da shi kuma ka ci. Cin mutuncin ne ba ya cikin abin da dannawa ke iya sayarwa.

Kuma ku lura da wani abu da ba ma kawowa a rai. Surukar nan da aka tura wa saƙo, ita ba ta sauke komai ba, ba ta danna komai ba, wataƙila ma wayarta 'yar rakani-kashi ce mai tocila. Yatsan surukinta ne ya miƙa lambarta. Haka kowannenmu yake yawo da lambobin mutum ɗari uku ko ɗari biyar a aljihu, na malamai da na 'yan'uwa da na matan aure da aka ba shi bisa amana, yana raba su ga duk manhajar da ta yi sallama, har da ta tocila da ta ludo da wadda ke sa wa hoto furanni. Me tocila za ta yi da lambar kawunka?

Ba na ce mu fara karanta shafi arba'in ba, na san mu, ko an ce akwai lada ba za mu yi ba. Amma yau da dare, bayan an ci tuwo, ɗan'uwa ka shiga saitin wayarka wajen izinin manhajoji, ka ga su wa ka ba damar ganin lambobi da hotuna da inda kake, ka ƙwace daga duk wadda ba ta da dalili. Idan ba ka iya ba, jikan nan da ya danna tun farko ya iya. Lambobin da ke cikin wayar nan namu ne, tawa ma tana ciki, kuma ba a tambaye mu ba.